Sharhi: Wa Ke Cika Jakar Alhaji?

Sharhinmu na yau a kan jakar alhaji ne, da kuma masu cika ta.

An fara bitar maniyyata aikin Hajji a Garki, kamar yadda aka fara a Ringim da Taura da Babura da sauran ƙananan hukumomin jihar nan ta Jigawa. Malamai suna ta koyar da ɗaura harami da ɗawafi da jifa, ma'aikatan lafiya kuma suna ta allurar rigakafi. Duk wannan ya yi kyau, Allah ya saka. Sai dai akwai darasi guda da ake karantar da wanda ba shi ya fi buƙatarsa ba, wato darasin kaya. Maniyyaci ake zaunarwa a tabarma ana ja masa kunne kada jakarsa ta wuce kilo kaza, alhali mai cika jakar yana can gida a kishingiɗe, yana tsara abin da za a sayo masa. Masu sautu nake nufi. Masu sautu da sallahu, waɗanda ba su biya kuɗin kujera ba, ba za su ɗauki kaya ba, ba za su tsaya gaban sikeli a Makka ba, amma su ne ke da rabin jakar tun ba a ɗinka ta ba.

Ku duba yadda abin yake faruwa. Manomi ne daga Doko ko Kargo ko Muku, ya shekara da shekaru yana tara kuɗin riɗi da zoɓo, ya sayar da shanun huɗa, wani ma har da gona, domin a shekarar 2025 kujerar Hajji a Arewa ta haura naira miliyan 8. Ranar da sunansa ya fito, gidansa ya cika. Da addu'a ake fara shigowa, da sautu ake fita. Gwaggo tana son abaya mai duwatsu. Kawu yana son agogo da jallabiya ruwan toka. Surukai suna son bargo, bargon ma mai nauyi, irin na mutum biyu. Amarya tana son flas da kofunan shayi. Maƙwabci ya kawo naira dubu biyar ya ce a sayo masa darduma mai laushi, wai in kuɗin bai kai ba Alhaji ya cika, a yi lissafi in ya dawo. Kowa ya san ba za a yi wannan lissafin ba har abada. Shi kuwa bawan Allah kunya ta hana shi cewa a'a, sai \"to, in Allah ya yarda\" yake ta yi, yana karɓar takardu yana cusawa a aljihu.

To da me zai sayo duk wannan? Guzurin da aka ba alhazan Najeriya a 2024 dala 500 ne. Dala 500, na kusan kwana arba'in a ƙasar da ko ruwan shayi sai ka sa hannu a aljihu. Cikinsu zai yi ɗan cefane, ya hau mota, ya sayi layin waya ya kira gida. Masu sautu ba su san wannan ba, ko kuma sun sani sun kau da kai. Shi ya sa za ka ga dattijo yana ƙin sayen ruwan sanyi da 'ya'yan itace, yana matse bakin aljihu, don kada ya dawo a ce bai kawo wa wance komai ba.

Sannan ga sikeli, shi kuma bai san kunya ba. Shekara da shekaru ƙa'idar da alhazanmu suka sani ita ce babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8, kuma kowace shekara ana sanar da abin da aka yarje a wurin bita. Ba don mugunta aka sa wannan iyaka ba. Mutane ne ke ɗaga jakunkunan nan da hannu suna jerawa a cikin jirgi, kuma kilo 32 shi ne iyakar abin da kamfanonin jiragen sama na duniya suka yarda ma'aikaci ya ɗaga a jaka guda. Shi kansa jirgin yana da nauyin da in ya wuce ba zai tashi lafiya ba. Ku yi lissafi da kanku: jirgi mai ɗaukar mutum 400, in kowa ya saci kilo 5 kacal, an samu ƙarin kilo 2,000, wato tan biyu cur. Wa zai yarda ya hau jirgin da aka yi wa lodin motar kasuwar Gujungu?

Ranar awon kaya kuwa ranar tonon asiri ce. Kwanaki kafin tashi ake zuwa masauki a auna manyan jakunkuna a tafi da su. Nan za ka ga Hajiya ta zauna a kan jaka, mutum biyu suna jan zif, zif ɗin ya ɓalle. Nan za ka ga ana ciro bargo, ana ciro flas, ana roƙon ma'aikata da girman Allah. Abin da aka ciro sai a nufi kamfanonin dakon kaya da shi, a biya wani kuɗin, kayan kuma su iso bayan makonni, in sun iso. Wanda ba shi da kuɗin dako sai ya ɗura a jakar hannu, jakar kilo 8 ta koma kilo 20. A filin jirgin Jidda ko na Madina a sake tarewa. Wani ya saka jallabiya uku a jikinsa cikin wannan zafi, wata ta ɗaure kaya a ƙugu ta rufa da hijabi. Bincike ya yi tsawo, jirgi ya makara, lokacin da aka ware masa na tashi ya wuce, alhazai ɗaruruwa su kwana a ƙasa saboda kofunan shayin amarya. Ƙarshe a tilasta wa mutum ya zubar da kayan da ya hana cikinsa ya saya. Masu sautu suna ina a lokacin? Suna gida suna tambayar yaushe jirgin Jigawa zai sauka a Dutse.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, yawancin kayan nan ba a Makka ake yin su ba. Juya dardumar ka karanta abin da ke bayanta. Daga Sin take, ko Turkiyya. Carbin, da hular, da agogon, da flas ɗin, duk baƙi ne a can kamar yadda Alhaji yake baƙo. Irinsu suna nan jibge a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari a Kano, da naira za ka saya, ba sai ka canji riyal ba. Dabino fa? Jama'a, mu mutanen Jigawa, mu da Dutse take cike da itatuwan dabino har da tashar binciken dabino, mu ne za mu biya kuɗin dako a kan buhun dabino? Ban hana Alhaji ya riƙo ɗan ajwa na Madina don albarka ba, wannan daban ne. Kilo ɗaya ko biyu ya isa a gutsura wa kowa. Ruwan Zamzam kuma an hutar da kowa: hukumomin Saudiyya sun hana saka shi cikin jaka, lita biyar ake ba kowane alhaji, a nan gida yake karɓa. Duk da haka sai an samu mai naɗe gora cikin zane ya tura tsakiyar kaya, na'ura ta gani, a farke jakar a fitar, a bar masa kayansa a hargitse.

Kada a ce na ɗora wa masu sautu laifin dawowa kaɗai. Tun a tafiya suke fara aikinsu. Su ne masu cewa abincin Larabawa ba ya riƙe ciki, don haka sai an haɗa wa Baba garin kunu, da kuka, da daddawa, da yaji, da man shanu, da ƙuli-ƙuli, da dambun nama, har da 'yar tukunya. Tafiyar da jirgi ke yi cikin awa biyar ko ƙasa da haka, ana yi mata shirin kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suka tsallaka teku daga Sawakin, suka shekara biyar ko goma kafin su dawo. Su ɗin ma ba su ɗauki rabin wannan ba, domin a ka ake ɗauka. Yanzu ana ciyar da alhazai a masauki. Ɗan yaji da ɗan garin kunu don gyaran baki ba laifi, amma man shanun da zai narke ya jiƙe harami fa, wa ya aike shi?

Tunda na zo nan, bari in tsaya a kan abin da ya fi nauyin kaya haɗari, ko da zai ci mana lokaci. Goro. Shekara nawa ana faɗa cewa Saudiyya ta hana shiga da goro? Amma har gobe sai an samu mai zuwa da ƙulli da daddare, ya ce, \"Hajiya, ɗan saƙo ne, akwai wanda zai karɓa a Makka, zai ma ba ki wani abu.\" Hajiya ba ta buɗe ba, ba ta tambaya ba, saboda ɗan ƙawarta ne. Me ke cikin ƙullin? Allah kaɗai ya sani. In goro ne an taki sa'a, ƙwacewa za a yi, a sha tambayoyi. In ƙwaya ce, hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma alƙalin can bai san ɗan ƙawarki ba, sunan da ke jikin jaka ya sani. Ba mu manta da ɗalibar nan da ta tafi Umara a watan Disambar 2018 ba, wadda wasu miyagu suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, jakar kuma ɗauke da ƙwaya. Sai da ta yi wata huɗu a tsare, sai ƙarshen Afrilun 2019 gaskiya ta yi halinta aka sake ta. Ita ba ta karɓi saƙon kowa ba ma ke nan, ta sha wannan wuya. Ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Don haka kowa ya tsaya a kan kayansa har a auna, ya ƙirga takardun shaidar jaka da aka manna masa, in jaka ɗaya ya bayar kada ya karɓi shaidar biyu. Wanda duk ya ce ka riƙe masa kaya a filin jirgi, ko da rawani ya zo, ka ce masa Allah ya ba da haƙuri.

Mu koma kan jaka. Me maniyyaci yake buƙata da gaske? Harami biyu. Kayan sawa kala huɗu ko biyar marasa nauyi, masu saurin bushewa, domin a zafin can kafin ka dawo daga Azahar wankinka ya bushe. Takalmi mai taushi wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, kada a sayo sabo ranar tafiya, domin sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita uku, ga tafiyar jifa a Mina. Lema, da gorar ruwa. Kada a raina waɗannan biyun: a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganinsa cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Fasfo da guzuri su zauna a 'yar jakar da ke rataye a jiki, ko banɗaki za a shiga. Almakashi da reza da abin yankan farce a babbar jaka. Batirin cajin waya kuma a jakar hannu, ba a yarda a sa shi cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba. Turare ko man shafawa da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a hannu. Kuma tunda jakunkunan jiha iri ɗaya ne, launi ɗaya, a rubuta suna da lambar fasfo da manyan baƙaƙe, a ɗaura wani ƙyalle mai launi a hannun jakar.

Masu zuwa Umara da 'yan kasuwa da ɗalibanmu da ke fita karatu, ku da kuke sayen jakarku da kanku, ku ɗaga ta tun tana wofi kafin ku biya. Wata akwatin mai ƙyalli ita kaɗai ta kai kilo biyar, alhali yawancin jirage kilo 23 suke ba jaka guda. Ku duba zif da taya da hannu, ku bar ado. Ku auna kayanku tun a gida, ko da a sikelin masu sayen riɗi ne. Wanda ya tafi da jaka rabi, shi ke dawowa da hankalinsa kwance.

Amma duk wannan shawara banza ce muddin masu sautu ba su saki wuyan alhaji ba. Mutum ya je wurin da ake ninka ladan salla, a mai da shi ɗan aike. Lokacin da ya kamata yana Harami, yana can kasuwa yana kwatanta launin abaya a waya, ana ce masa ba wannan ba, waccan. Ya dawo kuma, maimakon a tambaye shi yadda ya tsaya a Arfa, sai a zuba wa jakarsa ido. Wanda ya samu carbi ya tura baki, wai carbi kawai? Har a yi shekara ana gaba a kan hula.

Ina kira ga limamanmu na Juma'a a Garki da kewaye, su ware huɗuba guda kafin jirgin farko ya tashi daga Dutse, su yi ta a kan 'yan rakiya da masu jiran tsaraba. Ina kira ga masu shirya bita su riƙa gayyatar iyalan maniyyata ko da rana ɗaya ce, a ajiye musu sikeli a gabansu, a ɗora bargo da flas su ga abin da allura za ta nuna. Dagatai da masu unguwanni su taya da baki. Ku kuma maniyyata, Baba Alhaji, Inna Hajiya, ku koyi cewa \"ba zan iya ba.\" Kunyar minti ɗaya a zaurenku ta fi kuka a filin jirgin Jidda. In ya zama dole a yi tsaraba, a ware kuɗinta a bar wa wani amintacce ya sayo a Kano kafin a dawo.

Ku kuma masu sautu, in kuna ƙaunar mutumin nan da gaske, sautu ɗaya ya ishe ku: ku ce ya sa ku a addu'a. In kuwa bargon ne ya tsaya muku a rai, motar Kano tana tashi kullum da safe.

Allah ya kai alhazanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya karɓi ibadarsu. Sharhin ke nan, sai wani jiƙon.