Shafukan gwamnati na intanet: shin mara lafiya mai larurar gani ko ji zai iya shiga da kansa?

A asibiti mukan ga abin da ofis ba ya gani. Dattijon da yanar ido ta rufe masa gani, ko matar da ɓarin jikinta ya shanye, idan aka ce su je su yi rajistar inshorar lafiya, ko su gyara bayanan lambarsu ta NIN, sai ka ga an koma neman wanda zai cike musu fom a waya. A Wudil, wannan na nufin a tafi shagon kwamfuta a biya kuɗi, ko a jira wani ɗa ko ƙane da ke karatu a Jami'ar Aliko Dangote ya samu sarari. In abin ya ƙi, sai a hau mota zuwa Kano.

Waɗanda abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. A Najeriya, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan, sai hawan jinin ido. Ƙara da waɗanda ciwon suga ya rage wa gani, da waɗanda sanƙarau ya bari da rashin ji tun suna yara. Su ne kuma suka fi yawan zuwa asibiti, don haka su suka fi buƙatar bayanan hukuma.

Mutane da dama ba su san makaho na iya amfani da waya ba. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, kwamfuta kuma akwai NVDA kyauta. Duk suna karanta rubutun da ke kan allo da murya. Amma rubutu kawai suke karantawa yadda ya kamata. Idan hukuma ta buga sanarwar rigakafi a takarda, ta ɗauki hotonta ta ɗora a shafi, ga makaho kamar ba a sanar da komai ba. Haka fom ɗin da ba a sa wa akwatunansa suna ba: manhajar za ta ce ga wurin rubutu, ba za ta faɗi ko suna ake nema ko ranar haihuwa ba. Sai kuma gwajin nan na karkatattun haruffa da ake cewa a kwafa kafin a wuce, wanda ko mu masu tabarau yakan ba mu wahala. Mai larurar ji kuwa, bidiyon da babu rubutu a ƙasa ko mai fassarar yaren kurame bai amfane shi da komai ba. Mai rawar hannu yana buƙatar manyan maɓallai, da fom ɗin da ba zai rufe ba don ya ɗan jinkirta.

Abin da ya fi damun mu a matsayin likitoci shi ne sirri. Wanda ya miƙa wayarsa ga mai shago ya miƙa lambar NIN, da lambar sirrin da ake turowa ta saƙo, wani lokaci har da sunan cutarsa. Mai tarin fuka ko mai cutar ƙanjamau zai iya haƙura da rajistar gaba ɗaya, da dai maganar ta zaga unguwa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma shafin da ya tilasta wa mutum neman ɗan tsakiya ya riga ya karya wannan kariya.

Ta fuskar doka, ba a fara daga babu ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, kuma sashe na 9 ya ambaci intanet ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Sai dai ƙarfin dokar ya fi karkata ga gine-gine, sufuri, ilimi da aikin yi. A ganinmu giɓin yana nan: ana tura hidimomi zuwa intanet da sauri, alhali dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga.

Ma'aunin da ake bi a duniya sunansa WCAG, sabon bugunsa na 2.2 ya fito a Oktoban 2023. Abubuwan da yake nema ba masu tsada ba ne: bayanin kowane hoto a rubuce, launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, a iya ƙara girman rubutu ninki biyu ba tare da shafi ya wargaje ba. A Afrilun 2024 Amurka ta wajabta wa jihohi da ƙananan hukumominta bin bugu na 2.1. Jihar Kano za ta iya sa irin wannan sharaɗi a kwangilar duk wanda zai gina mata shafi, musamman na hukumar KSCHMA da na asibitoci, sannan kafin a biya shi a kira masu larurar gani da na ji, irin ɗaliban makarantar Tudun Maliki, su gwada da wayarsu. A kuma sa Hausa, domin shafin da ke Turanci zalla ya rufe wa masu ido ma ƙofa.

Kafin nan, idan kuna da mara lafiya mai raunin gani, ku shiga saitin wayarsa ku ƙara girman rubutu, ku kunna masa TalkBack ya fara sabawa. In dole sai an cike masa fom, ya zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi, a karanta masa duk abin da aka rubuta kafin a tura, kuma kada a bar lambobinsa a kwamfutar shago.