Na'urar Wi-Fi a Gida: Tsoron da Ba a Wurinsa Ba

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗalibin da ke Yelwa ko Wara ko Shanga allo ɗaya zai fuskanta da takwaransa na Legas, wanda ya tashi da intanet a ɗakinsa. Duk da haka akwai magidanta a ƙasar Yauri da ke da halin sayen rauta, wato 'yar na'urar da ake sa wa layin waya ta raba intanet ga mutanen gida, amma sun ƙi, wai iskarta tana kawo ciwon daji. Wannan magana ta cancanci a auna ta a ma'aunin ilmin halitta.

Abin da rauta ke fitarwa igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ke kawo labarun safe cikin akwatin rediyo, sai dai zangonta gajere ne, kimanin santimita 12. Kafin haske ya haddasa ciwon daji kai tsaye, sai ya iya tsinka sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta. Hasken hoton ƙashi na asibiti yana iyawa, haka ma wani ɓangare na hasken rana. Ƙwayar hasken rauta kuwa ƙarfinta bai kai kashi ɗaya cikin 100,000 na abin da ake bukata ba. Iyakarta ta ɗumama ruwa, kuma da yake ƙarfin da take watsawa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wat ba, ko wannan ɗumin jiki ba ya jin sa. Gaskiya ne a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin rediyo cikin rukunin abubuwan da hujja a kansu ba ta da ƙarfi, kuma wayar da ake kangawa a kunne ce ta ja hankalinta. Abin mamaki, mai gudun rautar da ke nesa da shi taku goma shi ne ke kwana da waya a ƙarƙashin matashi.

Wannan ɗabi'a ta ruwa, ta shanye igiyar, ita ce ya kamata mai kafa na'ura ya riƙe. Randa cike da ruwa, katangar ƙasa da ta sha damina, har jikin mutane, wanda fiye da rabinsa ruwa ne, duk suna rage mata ƙarfi. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe kuma mayar da ita baya suke yi. Saboda haka kuskure ne a ɓoye rauta a ƙuryar ɗaki, bayan jeren kwanuka, don gudun yara. A ɗaga ta sama, kusa da tagar da ke kallon turken kamfanin waya, inda kuma za ta leƙa tsakar gida. Na'urar da ke da zango biyu, 2.4 da 5, a zaɓi na farko a gidan ƙasa; na biyun ya fi sauri, amma katanga biyu sun ishe shi.

Haɗarin gaske yana ga kalmar sirri. Wanda ya bar wadda na'urar ta zo da ita, ko ya sa lambar wayarsa, ya buɗe rumbunsa ga unguwa, datar wata guda ta ƙare cikin kwana uku. A canja ta ranar farko, a sa doguwa.

Sai wutar lantarki. An kammala madatsar Kainji a 1968, tafkinta ya ci tsohuwar Bussa da tsibiran Gungawa masu yawa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 domin ƙasa ta sami haske. Jikokinsu har yau ba sa iya dogara da wutar dare ɗaya cur. Sa'ar da aka yi, rauta ba ta cin fiye da wat 10 ko kusa da haka, kwatankwacin ƙwan fitila ɗaya na zamani. Ƙaramin faifan sola da batir za su riƙe ta har ɗalibi ya gama bitarsa. In hadari ya taso daga tafki da tsawa, a zare ta daga soket.