Kada Mu Yanke Wa 'Ya'yanmu Hukunci Da Hoton Waya

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wata magana da ta taso a cikin gidanmu, wadda na san ba mu kaɗai ta shafa ba, tun da yake yanzu 'ya'yanmu mata sun soma samun hanyar fita ƙasashen waje neman ilmi.

Ƙanwata ce, wadda muke ciki ɗaya, ta sami zuwa ƙasar Sifaniya a shekarar 2024 domin koyon harshensu. Mako goma sha biyu ta yi a wani gari da ake kira Salamanka, daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli, ta dawo lafiya da takardar shaidarta, aka yi murna. Bayan an shiga sabuwar shekara sai maganar aurenta ta soma tangal-tangal. Ashe wata daga cikin dangin manemin ce ta sami wani hoto mai motsi a waya, na dubban samari da 'yan mata sun cika wani dandali da tsakar dare suna ihu suna rawa, aka ce mata ai garin da yarinyar nan ta zauna ke nan. Kafin a ce me, magana ta zaga gidajen suna da na biki, har ta dawo kunnen Innarmu, ta kwana ba ta runtsa ba.

To, hoton ba ƙarya ba ne, garin ne. Akwai wani taro da ɗaliban can suke yi a babban dandalin garin a tsakiyar watan Disamba. Da yake kowa zai tafi garinsu hutun Kirsimeti, sai su riga su yi bikin sabuwar shekara tare, da sha biyun dare ta buga kowa ya ci alewa guda goma sha biyu. Amma fa a Disamba ake yi. A daren da aka yi taron nan ƙanwata ta fi wata huɗu da dawowa, tana nan tsakar gida tana taya Inna tankaɗe. Babu wadda ta tambayi ranar da aka ɗauki hoton kafin ta tura wa ta gaba. Haba mata!

Ba zan ɓoye muku kome ba, domin in na ce babu yawon dare a ƙasar nan na yi ƙarya. Akwai shi, mai yawa kuwa. Gidajen rawa ba sa cika sai wajen ƙarfe biyu na dare, wasu ba sa rufewa sai shida na safe, daga nan 'yan rawar su biya su sha koko mai kauri da wani soyayyen fulawa da suke kira churros kafin su je su kwanta. A garuruwan ɗalibai tun daren Alhamis ake farawa. Akwai kuma wata ɗabi'a da suke kira botellón, watau samari su sayo giya mai araha a kanti su taru a fili suna sha. Su kansu mutanen ƙasar abin ya dame su, har yankin Madrid ya kafa dokar hana shan giya a titi a shekarar 2002, kuma birnin Giranada da ya ware musu fili na musamman ya gaji ya rufe shi a 2016. Sharrin dare ma yana nan. A 2016 wasu maza biyar suka yi wa wata yarinya 'yar shekara 18 fyaɗe a lokacin bikin garin Pamplona, matan ƙasar suka yi ta zanga-zanga har kotun ƙoli ta ɗaure kowannensu shekara 15 a 2019. Duk uwar da gabanta ya faɗi da jin wannan, ba ta yi laifi ba.

Abin da nake so mu gane shi ne, dare a can ba shi ne dare a nan ba, kuma a nan ne muke yawan yin kuskure. A shekarar 1940 gwamnatin Janar Franko ta tura agogon ƙasar gaba da awa guda, ba a kuwa mayar da shi ba har yau. Da bazara kuma suna ƙara wata awar. Saboda haka a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Salamanka sai kusan ƙarfe goma, isha'i kuwa sai kusan tsakar dare. Abincin rana sai biyu ko uku, na dare tara ko goma. Na tuna ran da Inna ta bugo mata waya ta ji hayaniya, ta tambaye ta ina take, ta ce tana dandali. Inna ta dubi agogo ta kama salati. Da yarinyar ta juya mata wayar, sai ga gari da haskensa, tsofaffi suna zaune a benci, mata suna tura jarirai a keke, yara suna guje-guje. A lissafin rana, fitar da ta yi daidai take da fitar 'yarki zuwa gidan maƙwabta bayan la'asar sakaliya.

Wata za ta ce, to me ya kai ta tun farko, ina ruwan Bahaushiya da Sifaniyanci? Ai kuwa da ruwanta. Mutum kusan miliyan 500 ne aka haifa da harshen nan a bakinsu, shi ne harshen hukuma a ƙasashe wajen ashirin, yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ga maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, da shi take aiki. Aikin tafinta, da na asibiti, da na ƙungiyoyin agaji, da ciniki, duk suna neman mai harshe fiye da ɗaya, kuma in ba matanmu suka iya ba, to namiji za a sa ya yi wa mace tafinta ko a ɗakin haihuwa ne. Garin da ta je kuwa ba garin banza ba ne. Jami'arsa tun 1218 aka kafa ta, a can aka buga littafin nahawun Sifaniyanci na farko a 1492, kuma tun 1929 suke koyar da baƙi harshen.

Ni abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai koyar da yara, shi ne kalmomin da ta zo mini da su. Ƙasar nan ita ce Andalus da muke ji a bakin malamai, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 har zuwa 1492, suka bar kalmomin Larabci da yawa a harshen. Magajin gari suna ce masa alcalde, asalinsa ɗaya da alƙali namu. Kofin shayi taza, ga tasa tamu. Azúcar sukari ne. Hasta kuwa ita ce hatta. Da na rubuta waɗannan a allo, sai da 'yan ajina suka hana ni fita tara, kowace tana so a ƙara mata wata.

Yanzu bari in juyo gare ku 'yan makaranta, domin ku ma ina da magana da ku, kada ku ce Malama ta goya muku baya a kan kome. Ƙanwata ta ba ni labarin waɗansu 'yan ajinsu, daga ƙasashe daban-daban, waɗanda darasi yake farawa ƙarfe tara na safe amma sai sha ɗaya za su shigo ido jajur. Sun kama gida tare da masu jin Turanci irinsu, da su suke ci, da su suke yawo, har aka gama makonnin nan ba su iya cinikin tumatir a kasuwa ba. Kuɗin iyayensu ya tafi a banza. Ita kuwa Baba ya kafe a kan lalle sai dai a sauke ta a gidan iyali, makarantar ta haɗa ta da wata dattijuwa mai jikoki wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Makon farko da kuka ta yi shi. Amma a teburin tsohuwar nan ta koyi harshen, fiye da abin da ta koya a aji, domin in ba ta buɗe baki ba, ba za a san ba ta cin naman alade ba. Wannan kuwa babbar magana ce, don naman yana cikin abincinsu ƙwarai, har a miya da wake. Kalmomin da ta fara haddacewa ke nan: cerdo, jamón, chorizo, sai kuma sin alcohol, watau marar giya.

Akwai gaisuwarsu ta sumba biyu a kumatu, wadda suke yi har tsakanin mace da namijin da aka gabatar mata yanzu-yanzu. Ita dai hannu take ɗorawa a ƙirji ta yi murmushi tun kafin mutum ya matso, ta ce ba wanda ya taɓa yin fushi. Haka nan zaman musayar harshe da ɗalibai suke yi da yamma, yawanci a wuraren da ake sayar da shayi da giya tare. Ta je waɗansu, tare da wata 'yar Maroko da suka shaƙu, ta sha lemo ta dawo kafin ƙarfe sha ɗaya kamar yadda suka yi alkawari da uwar ɗakinta. Wata za ta ga ko zaman bai dace ba, ni ma na jinjina abin, ba kuwa zan ce kowace yarinya za ta iya tsayawa inda ta tsaya ba. Uwa ita ta san 'yarta. Amma hukuncin a yi shi a kan halin yarinyar da tsarin da aka yi mata: wa zai sauke ta, ƙarfe nawa za ta shiga gida, da wa za ta fita, ta kuma riƙe lambar neman agaji ta can, 112, a ka.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a shekarar nan ɗaya wani yaron unguwarmu ya dawo daga karatu a Turai, har yanka aka yi masa, ban ji wadda ta nemi sanin ƙarfe nawa yake kwanciya ba. Mu mata mu ne muka ɗauki hoton nan muka yawata da shi, ba maza ba. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a gidanmu ba. Wata tsohuwar ɗalibata mai ƙwazo, wadda mahaifinta ya riga ya yarda ta nemi irin wannan karatu, an ce mata ta bari tukuna, tun da ga abin da ake faɗi a kan 'yar gidan su Malama.

Ranar Asabar da ta wuce Goggonmu ta yafa mayafi ta tafi gidan dangin manemin da kanta, ɗauke da fasfon yarinyar, ta nuna musu hatimin ranar shiga da na ranar fita. Sun ce a ba su mako guda su yi shawara. Ni kuma jibi in Allah Ya kai mu zan bi mahaifiyar ɗalibar tawa gida, da ƙanwata a gefena, ta amsa musu duk tambayar da suke da ita da bakinta.