Butar Shayin Inna a Kan Takarda



Yau zan yi magana kan abin da na san wasu za su ce aikin banza ne. Ƙanena da ke sakandare a nan Ibadan ya zana butar shayin Inna da fensir. Kwana huɗu ya yi a kanta. Da ya kawo mini takardar shago, wallahi saura kaɗan in kai hannu in ɗauki butar. Baƙin hayaƙin gindinta yana nan. Lotsewar da ta yi ranar da ta faɗo daga mota muna dawowa daga Kano, ita ma tana nan.

Baba ya duba sau ɗaya, ya ce, "To, nawa za a sayi wannan?" Ya ci gaba da ƙirga goro. Abokina kuwa cewa ya yi ai waya za ta ɗauki hoton nan take.

Ni dai ban yarda ba. Waya ɗauka kawai take yi, ba ta dubawa. Shekara nawa nake shan shayin butar nan, ban taɓa lura cewa hannunta a karkace yake ba sai a zanen. Na zauna na ga yadda yake aikin: fensir HB ya fitar da siffa, 6B ya zuba duhu, ya murza da auduga, sannan ya goge wuri kaɗan, sai ƙyallin ƙarfe ya fito. Wannan haƙuri ne, ba wasa ba.

Ba kuma shi ya fara ba. A ƙarni na 17 masu zanen Holan sun yi suna da zanen tulu da burodi a kan tebur. A 1886 Van Gogh ya zana tsofaffin takalma kawai, yanzu zanen yana gidan tarihi a Amsterdam. Masu tsoron haram kuma, saɓanin malamai a kan zanen mai rai yake. Buta ba ta da rai.

Jama'a, tun 1916 Sabo take. Ina kwanonin samira da kakanninmu suka zo da su? Roba da kula sun cinye su, ko hotonsu ba mu ajiye ba.

Jiya na sayo masa takarda da kuɗina, na ce ya zana huhun goron Baba. Baba bai ce e ba, amma da yaron ya zauna, da kansa ya juyo masa huhun wajen haske.