Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantar Kasuwanci Ta Dangote Kan Malaman Ziyara

 

Ina so in kawo muku shawara kan baƙin malamai, waɗanda ake gayyata su koyar na ɗan lokaci su koma inda suka fito. Tun da Gidauniyar Dangote ta miƙa wa Jami'ar Bayero ginin makarantarku a 2018, ginin da ya ci naira biliyan 1.2, mutanen Kano suka sa rai wata rana za a ambace ta tare da manyan makarantun kasuwanci na duniya. Babu kuwa wadda ta kai can ba tare da karɓar baƙi ba. Makarantar Kasuwanci ta Legas, wadda aka kafa a 1991, ta ginu ne da tallafin makarantar IESE ta Basalona. Makarantar CEIBS ta birnin Shanghai ta buɗe reshe a Akara a 2008, farfesoshinta suna tasowa daga Sin su koyar su koma. Saboda haka ku gayyato baƙi, ku yawaita ma. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a sayi tikitin jirgin kowane baƙo, a rubuta a takardar yarjejeniya abin da zai bari a Kano idan ya tafi.

Garin nan ya san irin wannan baƙunci tun da daɗewa. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Bai dawwama ba, ya wuce Gao. Amma ya bar wa Rumfa rubutacciyar nasiha kan wajiban sarakuna, wadda har gobe ana nazarinta, ya kuma bar mutanen da suka ci gaba da aikinsa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to ku zaɓi raɓar da za ta jiƙa ƙasa kafin rana ta fito.

Ta yaya? Kada baƙo ya shiga aji shi kaɗai. A haɗa shi da matashin malami na gida tun kafin ya iso, su tsara kwas ɗin tare, su koyar tare, su duba takardun jarrabawa tare. Idan shekara ta zagayo, malamin gida ya ja ragamar ajin, baƙon ya koma mai ba da shawara daga nesa. Kwas ɗin da ba ya yiwuwa sai baƙo ya dawo, ba na makarantar ba ne, aro aka yi.

Sai kuma abin da ya fi damuna, wato kayan koyarwa. Makarantun kasuwanci suna koyarwa ne da labaran kamfanoni na gaske, tsarin da Harvard ta shahara da shi: a ba ɗalibi labarin wata matsala da ta taɓa samun wani kamfani, a tambaye shi me zai yi da shi ne manaja. Baƙon da ya zo daga Amurka ko Ingila zai zo da labarin Walmart da Toyota a jakarsa, kuma akwai darasi a cikinsu. Amma ɗalibanku na MBA ma'aikatan banki ne, da jami'an gwamnati, da 'ya'yan 'yan kasuwa masu shirin gadon shago. Wa ya rubuta musu yadda dillalin riɗi a Dawanau yake haɗa kaya daga ƙauyuka har su isa tashar jirgin ruwa? Wa ya rubuta yadda ake ba da dilolin atamfa bashi a Kantin Kwari bisa amana, da yadda ake sasantawa idan amanar ta karye? Me ya rufe masaƙun Bompai da Sharaɗa, me ya sa wasu majemun Challawa suka rayu? Yaya mai shigo da kaya ya yi da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya? Baƙo ya san dabarar rubuta irin wannan darasi yadda za a karɓe shi a ko'ina. Malamin gida ya san harshe, ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ya san lokacin da Alhaji zai saki jiki ya faɗi gaskiyar lissafinsa. Ku sa sharaɗi: duk wanda ya zo, sai ya yi kwanaki a kasuwa, sai kuma an fitar da rubutaccen darasi guda da sunayen su biyun.

Dole in taɓo abin da kowa ya sani a jami'o'in ƙasar nan, wato yadda aikin malamin ziyara, da ake kira bizitin, ya lalace. Farfesa ɗaya ya riƙe jami'o'i barkatai, ya zo ran Juma'a ya dunƙule karatun zango guda cikin kwana biyu, ɗalibai ba su sake ganinsa ba. Wani wurin ma sunansa kawai ake buƙata, don a nuna wa hukumar kula da jami'o'i ta NUC ranar tantancewa. Ban ce haka ake yi a wurinku ba, ina dai jin tsoron al'adar da ta zama ruwan dare. Ƙungiyar AACSB mai tantance makarantun kasuwanci, wadda Makarantar Legas ta samu shaidarta a 2016, tana so aƙalla kashi 75 cikin 100 na koyarwa ya kasance a hannun malaman da ke cikin harkokin makarantar dumu-dumu, masu zaman kwamiti da duba kundin ɗalibai. Ku ɗauki wannan ma'auni tun yanzu, ko da ba ku kai ga neman shaidar ba.

Batun kuɗi kuwa, ba sai aljihunku ya ɗauki komai ba. Shirin Carnegie na malaman Afirka mazauna Amurka da Kanada, wanda ya fara a 2013, yana ɗaukar nauyin ziyarar kwana 14 zuwa 90, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da ke amfana. Jami'a ce ke rubuta buƙatarta, don haka ku rubuta. Wanda ya zo kuma a mutunta shi: masauki a shirye, takardun shigowa a kammale, haƙƙinsa a biya kafin ya ɗaure kaya.

Kada kuma ido ya tsaya kan Turai kaɗai. Malamin tattalin arziki daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai yi wa ɗalibanku bayanin cinikin kan iyaka da canjin sefa fiye da kowane Bature, kuma mota ce za ta kawo shi. Haka attajiran garin nan da suka shekara arba'in suna juya dukiya: a ba su kujerar malamin ziyara da cikakkiyar girmamawa, su yi magana da Hausa, malamin gida ya ɗora bayanin a kan ka'idojin littafi.

Buƙatata ta ƙarshe mai sauƙi ce. Kowace shekara ku fitar da takarda guda da kowa zai iya karantawa: ga baƙin da suka zo, ga malamin da aka haɗa kowannensu da shi, ga kwas ɗin da ya dawo hannun 'yan gida, ga darasin da aka rubuta. Da ita za ku san wanda ya cancanci a sake gayyata.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wani mai kishin makarantar, daga Kano