Wa Ya Ɗaure Wa Masu Ƙera Bindigogi Gindi A Amurka?

Ran 5 ga watan Yuni na 2025, alƙalai tara na Kotun Ƙoli ta Amurka suka haɗu baki ɗaya suka kori ƙarar da Gwamnatin Meksiko ta kai wasu kamfanonin ƙera bindigogi, ciki har da Smith & Wesson. Tun cikin watan Agusta na 2021 Meksiko ta shigar da ƙarar a birnin Boston, tana neman diyyar dala biliyan 10, bisa zargin cewa kamfanonin suna sane kayansu na tsallaka iyaka suna faɗawa hannun gaggan masu fataucin ƙwayoyi, amma suka kau da kai. Ko shaida ɗaya ba a kai ga kira ba. Kotu ta ce akwai wata doka ta 2005 wadda ta hana a saurari irin wannan ƙara, kuma Meksiko ba ta kawo hujjar da za ta fid da ƙararta daga ƙarƙashin dokar ba.

Wannan doka ita ce Dokar Kare Halaltaccen Cinikin Makamai. Ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su san yadda aka haife ta, domin darasi biyu ne a cikinta. Na farko, yadda tsirarun mutane masu haɗin kai ke iya juya akalar majalisar ƙasa. Na biyu kuwa, yadda akan yi amfani da ƙarfin talaka mai ƙuri'a a gina wa mai jari katanga. Neman 'yancin mallakar bindiga magana ce daban, hana wanda aka cuta kai ƙara kuma magana ce daban, amma sai aka ɗaure su da igiya guda, kuma a nan ne aka yi kuskure.

Tushen zancen yana cikin Gyara na Biyu na Tsarin Mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya kuma ambaci 'yancin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu. A 1871 wasu tsoffin hafsoshin yaƙin basasa suka kafa Ƙungiyar Masu Bindigogi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NRA, a New York. Manufarsu a lokacin ita ce koya wa mutane saiti, don sun ga yadda sojojinsu ke ɓarnar harsashi a fagen daga. Kusan shekara ɗari ƙungiyar ta yi tana harkar maharba da gasar harbi. Al'amura sun soma canjawa bayan Majalisa ta kafa dokar taƙaita cinikin bindigogi ta 1968, shekarar da aka harbe Martin Luther King da Robert Kennedy. A 1975 ƙungiyar ta buɗe sashen kamun ƙafa a majalisu. A babban taronta na 1977 a birnin Cincinnati, 'yan ƙungiya masu tsattsauran ra'ayi suka kwana suna muhawara har kusan asuba, suka tumɓuke tsoffin shugabanni, suka ɗora Harlon Carter. Daga wannan dare ƙungiyar maharba ta rikiɗe ta zama rundunar siyasa.

Mutane da yawa suna zaton kuɗi ne kaɗai ƙarfin NRA. Kuɗin kam akwai su, amma akwai kamfanonin magunguna da na mai da suka fi ta kashewa a Washinton nesa ba kusa ba. Abin da ta fi su shi ne mutane. Tana ba kowane ɗan takara maki, daga A zuwa F, kamar ɗan makaranta, ta aika wa 'ya'yanta sakamakon kafin ranar zaɓe. In wani shirin doka ya taso a majalisar jiha, nan da nan saƙo zai isa wuraren koyon harbi da kasuwannin baje kolin bindigogi, wayar ɗan majalisa ta hana shi sakat, zauren majalisa ya cika da jama'a. Mutanen nan kuwa ba su da wata magana ranar zaɓe sai ta bindiga. A 1994, bayan an haramta wasu bindigogi masu kama da na soja, Shugaban Majalisar Wakilai, Tom Foley, ya rasa kujerarsa, abin da bai faru ga mai wannan muƙami ba tun 1862, kuma adawar masu bindigogi na cikin dalilan faɗuwarsa. A 2013 suka tattara sa hannun jama'a a jihar Kolorado, suka yi wa 'yan majalisar dattawan jihar biyu kiranye saboda sun goyi bayan dokokin taƙaita makamai. A wannan shekarar ce kuma shirin dokar faɗaɗa binciken masu sayen bindiga ya sami ƙuri'a 54 a Majalisar Dattawa ta ƙasa, alhali ana bukatar 60, ya mutu, duk da cewa jin ra'ayin jama'a ya nuna kusan mutum tara cikin goma suna goyon bayansa. Masu goyon bayan sun fi yawa, amma suna gida. Masu adawa suna bakin ƙofar majalisa.

Babu laifi a cikin wannan. Haka mulkin dimokuraɗiyya yake, kuma wanda ya yi barci ranar rabo kada ya zargi wanda ya yi sammako. Abin dubawa shi ne inda aka karkata wannan ƙarfi daga 1998.

A wannan shekara kamfanonin taba sigari suka amince za su biya jihohi 46 dala biliyan 206 saboda cututtukan da hajarsu ta haddasa. A shekarar ce kuma birnin New Orleans ya kai masu ƙera bindigogi ƙara a watan Oktoba, Shikago ta bi baya a watan Nuwamba, har garuruwa da gundumomi fiye da 30 suka shiga sahu. Ƙorafinsu shi ne kamfanonin na ci gaba da ba dillalan da aka san bindigoginsu na ƙarewa hannun 'yan ta'adda kaya, kuma sun ƙi sa wa bindigogi abubuwan kariya masu sauƙi da za su hana yaro harbin kansa. A watan Maris na 2000 kamfanin Smith & Wesson ya yi sulhu da gwamnatin Shugaba Clinton, ya yarda zai riƙa sa makulli a bindigoginsa, ya kuma sa ido kan dillalansa. Sai masu bindigogi suka ƙaurace wa kayansa. Ciniki ya faɗi, aka sallami ma'aikata, kamfanin Birtaniya da ya saye shi dala miliyan 112 a 1987 ya sayar da shi dala miliyan 15 a 2001. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: babu wani babban kamfani da ya sake bin wannan hanya.

Daga nan aka koma majalisu. Jihar Jojiya ta kafa dokar hana garuruwanta kai irin wannan ƙara a 1999, jihohi fiye da 30 suka yi makamancin haka. A 2004 aka kawo shirin dokar ƙasa baki ɗaya gaban Majalisar Dattawa, amma da 'yan adawa suka yi nasarar lanƙaya masa ƙarin wa'adin haramcin 1994, sai NRA da kanta ta ce a kashe shi, aka kuwa kashe shi da ƙuri'a 90 da 8. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wanda ke riƙe da linzami. Da shekara ta zagayo, Sanata Larry Craig na jihar Idaho, wanda ke cikin hukumar gudanarwar NRA, ya sake gabatar da shi. Dattawa suka amince da ƙuri'a 65 da 31, Wakilai da 283 da 144, Shugaba George W. Bush ya sa hannu ran 26 ga watan Oktoba na 2005.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne, in wani ya aikata laifi da bindiga, ba za a kai wanda ya ƙera ta ko wanda ya sayar da ita ƙara ba, kuma ƙararrakin da ke gaban kotu a lokacin a kore su nan take. Ta bar ƙofofi shida a buɗe, kamar in bindigar ce ke da aibi daga masana'anta, ko dillali ya miƙa ta ga wanda ya san bai cancanta ba, ko kuma kamfani ya karya wata doka ta ciniki da gangan.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Sukan ce ba a kama maƙeri don wani ya soki wani da wuƙa. Sukan ce manufar masu ƙara ita ce su talauta kamfanonin da kuɗin lauyoyi, su sami ta hannun alƙali abin da suka kasa samu ta hannun majalisa. Sukan kuma ce in babu mai ƙera bindiga, 'yancin da Tsarin Mulki ya bayar ya zama rubutu kawai a takarda, ga shi kuwa Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa 'yancin na kowane mutum ne shi kaɗai.

To, amma akwai amsa. Tun kafin 2005 kotuna da kansu sun kori yawancin ƙararrakin garuruwan, watau shari'a ta riga ta iya rarrabe tsaki da tsakuwa. Abin da dokar ta ƙara shi ne hana a kai matakin da ake tilasta wa kamfani ya fito da takardunsa, matakin da ya tona asirin masu taba. Kuma zancen maƙeri da wuƙa bai rufe komai ba, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoton hukumar kula da makamai ta Gwamnatin Tarayyar Amurka na 2000 ya nuna cewa kashi 1.2 cikin 100 na dillalai ne tushen kashi 57 cikin 100 na bindigogin laifi da aka bi sawunsu. Bindigar da aka kashe mutum 10 da ita a kewayen Washinton a watan Oktoba na 2002 ta fito ne daga wani kanti da ya kasa ba da bayanin inda bindigogi fiye da 200 suka shiga. Iyalan mamatan sun sami diyyar kusan dala miliyan 2.5 a 2004, shekara guda kafin a ja ƙofar.

Bugu da ƙari, bindiga ta riga ta sami gatan da sauran kaya ba su da shi. Tun 1976 Majalisa ta hana hukumar kula da amincin kayan masarufi taɓa bindiga da harsashi. Hukumar na iya janye bindigar wasan yara daga kasuwa, amma ba ta da iko a kan ta gaske. Masu yin allurar rigakafi ma an ba su kariya daga ƙara a 1986, sai dai an kafa asusu na musamman da ake biyan wanda allura ta cutar. Dokar 2005 ba ta kafa ko asusun sisin kwabo ba. Wanda aka kashe wa ɗa sai ya rungumi ƙaddara, ko ya bi ɓarawon da ba shi da ko tabarma.

Wasu sun gwada. Iyayen wata da aka kashe cikin mutum 12 a gidan silima na Aurora a 2012 sun kai masu sayar da harsashi ta intanet ƙara. Aka kori ƙarar, aka kuma ce su biya waɗanda suka kai ƙara fiye da dala 200,000 kuɗin lauyoyi, bisa wata dokar jihar Kolorado wadda sai a 2023 aka soke ta. Iyalai tara daga cikin waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa a makarantar firamare ta Sandy Hook, inda yara 20 da manya 6 suka rasu a watan Disamba na 2012, sun bi ta ƙofar dokar talla, suna cewa kamfanin Remington ya tallata bindigarsa a matsayin alamar mazantaka. Sun sami dala miliyan 73 a watan Fabrairu na 2022, bayan shekara bakwai ana tafka shari'a. Haƙƙin da sai an yi shekara bakwai kafin a taɓa shi, talaka bai san da zamansa ba.

Ƙididdiga ba ta bar wurin musu ba. An ƙiyasta a 2017 cewa farar hula a Amurka na riƙe da bindigogi miliyan 393, fiye da yawan mutanen ƙasar. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi, fiye da rabinsu kuwa kansu suka kashe. A 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa. Ɓarnar ba ta tsaya a iyaka ba: ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka ya gano cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na bindigogin da aka kama a Meksiko, aka kuma bi sawunsu tsakanin 2014 da 2018, daga Amurka suka fito.

Ita kanta NRA ta sha kaye. Wayne LaPierre, wanda ya ja ragamarta tun 1991, ya yi murabus a watan Janairu na 2024, wata guda bayan haka masu taya alƙali hukunci a New York suka same shi da almubazzaranci da dala miliyan 5.4 na ƙungiya, kuɗin da 'yan ƙungiya suka tara da guminsu. Amma ginin da aka yi bai rushe ba. Ya zuwa 2024 jihohi 29 sun yarda mutum ya ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba. Ɗaya ɓangaren kuma ya koyi darasi: iyaye mata da ɗalibai sun kafa nasu ƙungiyoyin, an sami sabuwar dokar ƙasa a watan Yuni na 2022 bayan kisan yara 19 da malamai 2 a Uvalde, jihar New York kuma ta kafa doka a 2021 don faɗaɗa ƙofar ƙara, wasu jihohi suka bi ta.

A Nijeriya, inda Dokar Makamai ta 1959 ta ɗora mallakar bindiga kan lasisi, matsalar 'yan bindiga ta sa Gwamnatin Jihar Zamfara ta nemi jama'a su nemi lasisin kare kai a watan Yuni na 2022. Duk mai son kafa hujja da Amurka a wannan muhawara, ya kamata ya ɗauki labarin dukansa, har da abin da ke biyo baya in makami ya zama haja mai riba, masu ribar kuma suka sami masu tsaya musu a majalisa.

Manomin da ke ajiye bindiga don kare gidansa yana da abin da zai faɗa, kuma ya dace a saurare shi. Amma 'yancinsa ba zai ragu da komai ba don an tambayi dillali inda bindigogi 200 suka shiga. Ya kamata Majalisar Amurka ta soke dokar 2005, ko kuwa ta gyara ta yadda sakaci a ciniki zai koma abin da kotu ke iya bincikawa, ta bar alƙalai su yi aikinsu kamar yadda suke yi wa masu ƙera mota. Kamfanin da ya tsare gaskiya a cinikinsa zai fita kotu da mutuncinsa.