Wa Zai Ba 'Yan'uwa Haƙuri?

Mu da muka tashi a ƙasar Kano ba kasafai muke bambance ɗarikun Kirista ba, duk kuɗin goro muke yi musu. Amma akwai guda da ya kamata mai karatu ya sani, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Tushenta wata ƙungiya ce da ta ɓulla a Jamus a 1708, wadda ta haramta wa mabiyanta ɗaukar makami ko da don kare kai ne. Masu wa'azinta sun fara ibada a gindin wata tsamiya a Garkiɗa a 1923. Hujjarsu ita ce koyarwar da ke cikin Linjilar Matiyu sura ta 5, inda aka umurci wanda aka mara ya juya ɗaya kuncin.

Faɗin wannan a lokacin zaman lafiya ba wuya. Sai dai ƙaddara ta ajiye wannan majami'a a Borno da Adamawa, a bakin wutar Boko Haram. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu na 2014 'ya'yanta ne. A watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi. A Janairun 2020 aka kashe limaminta Rabaran Lawan Andimi na Michika bayan an yi garkuwa da shi. Duk da haka shugabanninta ba su yi kiran ramuwa ba. Wasu Kiristocin Arewa kuwa, tun bayan rikicin Kafanchan na 1987, suna cewa an mari kunci biyu, ba su da na uku. Ni Musulmi ne, addinina ya halatta ramuwa daidai gwargwado, ya kuma fifita yafiya, saboda haka ba ni da bakin yanke wa ɓangarorin nan biyu hukunci. Abin da ya shafe ni shi ne namu rabon a cikin lamarin.

Bari in koma ga sana'ata ta nazarin harshe. Bahaushe ya raba haƙuri gida biyu: akwai mai yin sa, akwai mai ba da shi. A ƙauyukanmu na Tofa, inda gona ke jingine da gona, gamba kaɗai ta raba su, idan akuya ta yi ɓarna da damina dattawa ba sa fara cewa mai gona ya yi haƙuri. Sai mai akuya ya zo, ya ga ɓarnar da idonsa, ya amsa laifi, ya ba da haƙuri, in da biya a ƙayyade. Daga nan ne mai gona zai ce ya yafe, kuma yafiyar tasa ta yi daraja domin yana da ikon ƙi. Idan aka cire zuwan mai akuya, "yi haƙuri" ta tashi daga lallashi ta koma "yi shiru". Kalmar ba ta sauya ba, aikinta ne ya sauya.

To wa ya zo ya ga ɓarna? A watan Yuni na 2016 aka kashe wata dattijuwa 'yar kasuwa, Bridget Agbahime, a kasuwar Ƙofar Wambai bisa zargin ɓatanci. Gwamnati da malamai sun yi Allah wadai, wannan gaskiya ne. Amma a watan Nuwamba kotu ta sallami mutum biyar da aka gurfanar, bisa shawarar ma'aikatar shari'a ta jiha. Na sani za a ce mini Musulmin da aka kashe a Yelwa a 2004 su ma haka aka bar danginsu. Haka ne, kuma ciwon ɗaya ne. Amma jinin Yelwa ba ya biyan bashin Ƙofar Wambai.

Wanda ya ajiye makami saboda imani bai yafe haƙƙinsa na shari'a ba, ya dai miƙa shi amana ga hukuma da maƙwabta. Malam Aminu Kano ya fahimci wannan. 'Yan NEPU sun sha bulala da ɗauri tun daga 1950, Malam bai ce su ɗauki takobi ba, amma bai taɓa cewa su rufe baki ba. Haka Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa a rikicin: sulhunsu ya tsaya ne saboda kowannensu ya fito ya faɗi abin da ya aikata a matsayin jagoran matasa masu faɗa, kafin su kafa cibiyarsu ta sasanci a Kaduna.

Abin da nake tsoro shi ne matashin EYN da ya girma a sansanin gudun hijira, yana jin limaminsa na cewa kada ya rama, yana kuma kallon yadda ba a hukunta kowa. Kowace shari'a da aka bari ta mutu, hujja ce da muka ƙwace daga hannun limamin muka ba masu maganar kunci na uku. Wannan matashi yanzu ya haura shekara ashirin, kuma har yau akwai 'yan matan Chibok da ba su dawo gida ba.